Wuta ba ta tambayi ɗariƙa ba

A kowace shekara, daga ranar 18 zuwa 25 ga watan Janairu, Kirista na ƙasashe da dama suna keɓe kwana takwas domin roƙon Allah ya haɗa kansu. Al'adar ta samo asali a Amurka cikin 1908, daga wani limami mai suna Paul Wattson. A shekarun 1930 wani limamin na birnin Liyon na Faransa, Paul Couturier, ya faɗaɗa ta yadda kowace ɗariƙa za ta iya shiga ba tare da an ce sai ta bar nata ba, kuma tun 1968 fadar Paparoma da Majalisar Majami'u ta Duniya, mai mazauni a Janeba, su ke shirya addu'o'in tare. Abin da ya sa na ɗauko zancen a wanga fili shi ne wata shekara da kwanakin nan suka iske Kiristan Nijar zaune cikin toka.

Shekarar ita ce 2015. Ranar Juma'a 16 ga Janairu, zanga-zangar nuna ɓacin rai a kan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa ta rikiɗe ta zama tarzoma a Damagaram. Kashegari Asabar ta kama Yamai. Mutum 10 suka rasu cikin kwana biyu, ƴan sanda kuma suka ƙidaya majami'u 45 da aka cinna ma wuta a babban birni kaɗai. Ɗaruruwan Kiristan Damagaram sun nemi mafaka a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su a cikin gidajensu, abin da bai kamata a manta ba. Lahadi 18 ga wata ita ce ranar farko ta makon addu'ar haɗin kai, amma da yawa daga cikin masu yin ta ba su da rufin da za su taru a ƙarƙashinsa.

Masu fetur da ashana ba su tsaya karanta allon ƙofa ba. Katolika ce, Baptis ce, ta masu bishara ce ko ta ƴan Fentikos, duk ɗaya ne a wurinsu. Abin da Kirista suka shekara ɗaruruwa suna gardama a kai, wato ko su jama'a guda ce, abokan gaba sun yanke musu shi a yini biyu.

Domin mai karatu ya gane inda ciwon yake, sai mu duba abin da Kirista da kansu suke koyarwa. A wurinsu, Mulkin Allah shi ne tushen wa'azin Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa. Mulki ne da ba shi da iyakar ƙasa, ba duwan ba jandarma, kuma wanda ya shige shi ta hanyar bangaskiya da baftisma yana samun gata iri-iri: ana gafarta masa zunubi, ana lissafa shi cikin iyalin Allah, yana da gado a lahira, kuma ƙofar addu'a a buɗe take gare shi dare da rana. A zaman duniya kuwa, gatan da ya fi kowane nauyi shi ne daidaito. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ga mutanen Galatiya, ya nuna cewa asali da matsayi da jinsi ba su ɗaukaka wani bisa wani a cikin wanga mulki. Alamar haka a fili ita ce Jibin Ubangiji, inda attajiri da ɗan dako ke gutsurar gurasa guda. Katolika da Otodoks da Furotesta duk sun yarda da wannan, dukansu kuma suna karanta sura ta 17 ta Linjilar Yohanna, inda Yesu ya yi ma mabiyansa addu'ar haɗin kai a darensa na ƙarshe tare da su.

Ma'aikacin gwamnati zai fahimci matsalar da sauri in an kwatanta masa da takardar ɗan ƙasa. Wanda aka haifa a Magarya, kotu ta ba shi takardarsa, in aiki ya kai shi Tawa ko Agadas ba wanda zai ce masa ya sake neman zama ɗan Nijar. To, Kirista sun ce mulki ɗaya ne, sarki ɗaya, amma masu buga hatimi ba duka suka yarda da hatimin juna ba. Tun babban taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, Katolika sun bayyana a fili cewa Furotestan da aka yi ma baftisma da ruwa bisa ƙa'ida ɗan'uwa ne. Amma ba su ba shi Jibin Ubangiji, sai a wani hali na matsi mai sharuɗɗa. Ƴan Baptis da akasarin masu bishara, su kuma, ba su lissafa baftismar jariri da komai: Katolikan da ya koma wurinsu sai an sake tsoma shi cikin ruwa, kamar wanda bai taɓa shiga addinin ba. Ɗan ƙasa ne a nan, baƙo ne a can, alhali duka biyun sunan sarki ɗaya suke kira.

Kar a ɗauka rigimar banza ce. Rabuwar Roma da Ƙustantiniyya (Istambul ta yau) a 1054 ta shafi ikon Paparoma da lafazin aƙida. Boren Martin Luther a Jamus a 1517 ya taso ne daga tambayar da ta fi kowace girma ga mai addini: da me mutum ke samun tsira? Wanda ya yi imani da gaske ba zai sayar da amsarsa domin a zauna lafiya ba, kuma ban ga laifinsa ba. An ma samu ci gaba a wanga fanni. A watan Disamba na 1965 Paparoma Paul na 6 da Athenagoras, shugaban Otodoks na Istambul, sun janye tsinuwar da magabatansu suka yi ma juna. Ranar 31 ga Oktoba 1999 kuma, a birnin Ogsbur na Jamus, Katolika da mabiya Luther suka sa hannu a kan takardar da ta ce a kan tushen zancen tsira bakinsu ya zo ɗaya. Sai da aka kwashe shekara 482 kafin a kai nan.

Mu nan Nijar, a cikin jakar baƙi waɗannan rigingimu suka iso. Mishan ɗin SIM, na Furotesta masu jin Ingilishi, ya sauka Damagaram a 1924, daga baya ya kafa sansani a Tsibiri kusa da Maraɗi. Katolika sun buɗe nasu a Yamai a 1931. Kumandojin Faransa ba su taɓa sakin jiki da na farkon ba, domin suna yi musu kallon idon Ingila. Hanyoyin biyu suka rabu tun daga nan. Katolika sun yi ƙarfi a birane, cikin akawuna da masu sana'a da suka zo daga Dahome da Togo da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, suka kuma kama aikin lakwal. Makarantar Mariama ta Yamai ta ilimantar da ƴan matan Musulmi masu yawa. SIM kuwa ta nufi karkara da harshen Hausa, riƙe da Littafi Mai Tsarki da aka gama fassarawa a 1932, ta kama aikin magani: asibitin Galmi a 1950, sannan na kutare a Danja. Aka wayi gari ɓangare ɗaya yana addu'a da Faransanci sanye da kwat, ɗayan da Hausa sanye da riga, kowane yana shakkar Kiristancin ɗan'uwansa, bisa gardamar da aka fara a Jamus tun kakanninsu ba su san da ita ba.

Wannan dai gado ne. Abin da ya fi wuyar karewa shi ne rabuwar da aka ƙera a gida. Majami'ar EERN, wadda ta fito daga aikin SIM a daidai lokacin samun ƴancin kai, ta dare gida uku tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, lokacin da ƙasa ke haramar Babban Taron Ƙasa na 1991: EERN ta ci gaba, UEEPN ta fito, EESN mai laƙabin Salama ta fito. Littafinsu ɗaya, waƙoƙinsu ɗaya, baftismarsu iri ɗaya. Ba Paparoma a tsakaninsu, ba Luther. Zancen shugabanci ne da tafiyar da al'amuran ƙungiya. Ma'aikatan da suka ga lokacin da USTN ta daina zama ita kaɗai uwar ƙungiyoyin ƙwadago ba su buƙatar a yi musu dogon bayani, haka ma duk wanda ya taɓa ganin gari guda ya yi idi biyu. Amma a tuna cewa ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasa ba. Ƙaramar tukunya ce ake ta rabawa.

A ganina nan ne gatan Mulkin Allah ke rikiɗewa. A wa'azi, gata ne da ba wanda ya saye shi, ba kuma wanda zai iya hana shi. A aikace, sai ya koma fili mai takarda, da mota, da kujera, da hulɗa da masu taimako na ƙetare, abubuwan da in wani ya samu wani ya rasa.

Wanda ke son ganin iyakar inda wanga hali ke kai mutane, ya dubi birnin Ƙudus. A can akwai majami'ar da ke ɗauke da wurin da Kirista suka yi imani an binne Yesu, kuma babu wuri mafi tsarki a gare su. Ɗariƙu shida ke zaune cikinta: Otodoks na Girka, Katolika, Armeniyawa, Ƙibɗawan Masar, Habashawa da Siriyawa. Kowace kusurwa, kowace fitila, kowane matakala yana da mai shi, bisa tsarin da sarkin Turkawa ya tabbatar da doka a 1852. Akwai wani tsani na itace jingine ƙarƙashin taga da ya fi shekara 150 a wurin, domin ba mai ikon ɗauke shi sai da yardar sauran. A watan Nuwamba na 2008 limaman Girka da na Armeniya sun ba hamata iska a gaban kabarin, har sai da ƴan sanda suka shiga tsakani. Mabuɗin ƙofar kuwa a hannun Musulmi yake: gidan Juda ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗewa da rufewa, al'adar da ake danganta ta da zamanin Salahuddini. Musulmi na iya alfahari da amanar, kuma sun cancanta; ga Kirista kuwa abin sunkuyar da kai ne. Ɗakin kabarin kansa ƙarafan da Ingilishi suka ɗaura masa a 1947 ne suka riƙe shi shekara 70. Sai da ya kusa faɗowa kan maziyarta sannan manyan ɗariƙu uku suka yarda aka gyara shi, aka gama a watan Maris na 2017, sarkin Jodan Abdallah na 2 yana cikin waɗanda suka ba da kuɗi.

Darasin Ƙudus da na Yamai kusan ɗaya ne: sai haɗari ya zo ake tuna zumunta. Haɗarin kuwa bai gushe ba. Masu bindigar da suka sace Ba'amurke Jeffery Woodke, Furotesta, a Abalak cikin 2016, da waɗanda suka sace limamin Katolika Pier Luigi Maccalli a yankin Makalondi cikin 2018, ba su bambanta su ba. An saki Maccalli a 2020, Woodke kuma a 2023.

Gaskiya ne akwai abin da ya sake. Majami'un masu bishara sun kafa ƙawancen AMEEN domin su yi magana da hukuma da murya ɗaya. A 2015 Monsenyer Laurent Lompo ya hau kujerar babban limamin Katolika na Yamai, ɗan Nijar na farko da ya riƙe ta, wanda hakan ya rage ƙarfin tsohon zargin nan cewa Katolika addinin baƙi ne. Maƙwabtanmu na Burkina Faso ma sun nuna abin yana yiwuwa: addu'o'in makon haɗin kai na 2024, waɗanda aka karanta a duniya baki ɗaya, Katolika da Furotestan ƙasar ne suka zauna tare suka rubuta su, ana tsakiyar tashin hankalin da ya rufe majami'u da yawa a ƙauyukansu.

Sai dai ni ba a taron manya nake auna haɗin kai ba. Taro yana da sauƙi: a yi jawabi, a ɗauki hoto, a sha lemo, kowa ya hau motarsa. Inda ake gane gaskiyar zancen shi ne ranar da saurayi Katolika, ma'aikaci a Damagaram, ya tura magabatansa neman auren ɗiyar wani fasto a ƙasar Maraɗi. Yana da aiki, yana da hali, ba ya shan giya, kuma a cikin jama'ar da ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba samun irinsa ba kullum ba ne. Za a karɓi baƙin da fara'a, a shimfiɗa musu tabarma, a kawo fura. In an gama gaisuwa, dattijon zai gyara zama ya ce: "Malam, ba mu ƙi ba. Amma wa ya yi ma yaron baftisma, kuma yana da shekara nawa aka yi masa ita?"