Daga Bakin Teku: Jirgin da ya fara sauka Kano

Mu mazauna Fidjrossè ƙarar jirgi ta zame mana jiki, tunda filin Cadjèhoun maƙwabcinmu ne. Kwanan baya jikana ya tambaye ni wane jirgi ne ya fara sauka ƙasar Hausa, yana zaton na alhazai ne. Na ce masa a'a, na jefa bom ne.

Ga yadda abin yake. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, Turawan Ingila sun so jirgin da zai yi nisa ya kai wa garuruwan Jamus hari. A 1917 suka ƙera wani mai fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, suka sa masa suna DH.9. Jikinsa katako ne da ƙyalle da wayoyi. An yi odarsa da yawa tun ba a gama gwada injinsa ba. Injin nan, Puma, an sa ran zai ba da ƙarfin doki 300, sai aka ga yana lalacewa, dole aka rage shi zuwa 230. Sabon jirgi ya kasa na da, wato DH.4, wajen tashi sama. In an ɗora masa bom ba ya iya kuɓuce wa abokan gaba, wani lokaci ma inji ya mutu tun ba a kai fagen fama ba. Samari da yawa sun rasa rayukansu saboda wannan gaggawa ta manya.

Sai aka koma aka sake shiri. Kamfanin Westland ya faɗaɗa fikafikan, aka ɗaura injin Amurka mai suna Liberty, ƙarfin doki 400. Wannan shi ne DH.9A na 1918. Bayan yaƙi Ingila ta yi ta amfani da shi a Iraƙi, tana ruwan bom kan ƙauyukan da suka ƙi bin ta. Wannan ma ya kamata a faɗa.

To, irinsa uku ne suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira ran 27 ga Oktoba 1925, a ƙarƙashin wani hafsa, Arthur Coningham. Suka bi ta Khartum, El Fasher, Fort-Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Maiduguri, suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba. Ba su zo da yaƙi ba, gwajin hanya suka yi.

Duk wanda kakansa ya yi hajji da ƙafa ya san sunayen garuruwan nan. Hanyar da mahajjata ke shafe watanni a kanta, wasu shekaru, suna tsayawa ƙwadago a gonakin audugar Sudan, ita ce jiragen nan suka ratsa cikin kwana shida. Jikan nawa ya ce shida ai ta yi yawa. Na kyale shi.