Sirrinmu Ya Zama Hajar Kasuwa

 

Ya 'yan'uwa, akwai wata kasuwa da take ci dare da rana, wadda mu ne hajarta alhali ba a nemi shawararmu ba. Manhajojin da muke saukewa kyauta a wayoyinmu ba sadaka ba ne. Suna tattara inda muka je, da abin da muka bincika, da tsawon lokacin da idonmu ya tsaya a kan kowane hoto, sannan su sayar wa masu talla hanyar isowa gare mu. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗin shigarsa daga talla yake samu.

Abin lura shi ne, waɗannan kamfanoni suna mu'amala da kowace al'umma gwargwadon kishinta ga sirrinta. Jamusawa sun ɗanɗana azabar leƙen asiri a zamanin Hitila, da kuma hannun 'yan sandan ciki na Jamus ta Gabas, don haka ba sa wasa da wannan al'amari. A 2010, da Google ya tashi nuna hotunan titunansu a intanet, sama da gidaje 240,000 suka nemi a dusashe nasu, kuma dole aka yi. A 2018 dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki, wadda ke iya cin kamfani tarar kashi 4 cikin 100 na cinikinsa na shekara a duniya. Amurka kuwa, inda aka fi ɗaukar bayanai a matsayin kayan ciniki, ba ta da doka guda ta tarayya da ta game kowa. Duk da haka, da kamfanin Apple ya tilasta wa manhajoji neman izini kafin su bi sawun mai waya a 2021, jama'a da yawa suka ƙi, har Meta ya ƙiyasta cewa hakan zai rage masa kimanin dala biliyan 10 a 2022. Ashe "a'a" ɗin mutum ɗaya tana da nauyi idan ta haɗu da ta 'yan'uwansa.

To mu fa? A 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta Nijeriya ta ci Meta tarar dala miliyan 220, kuma cikin laifukan da ta lissafa har da nuna wa 'yan ƙasar nan bambanci da yadda ake yi wa wasu ƙasashe. Wanda bai rufe ƙofarsa ba, ai kowa ma ya shiga. Hatta ibadarmu ba ta tsira ba: a 2020 aka bankaɗo cewa manhajar lokutan salla ta Muslim Pro tana miƙa bayanan inda masu amfani da ita suke ga wani dillalin bayanai mai hulɗa da 'yan kwangilar sojan Amurka. Kamfanin ya musanta sayar wa soja, amma ya yanke hulɗa da dillalin.

A yau wasu a Turai da Amurka suna kira zuwa ga taƙaita mu'amala da na'ura. Mu kam mun daɗe da sanin wannan da sunan ƙana'a, kuma Suratul Hujurati ta hana bin diddigin sirrin mutane, balle a mayar da shi abin saye da sayarwa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa maza da mata: kowa ya goge manhajar da ba ya buƙata, ya hana sauran sanin wurinsa da lambobin da ke cikin wayarsa sai da larura. Lambar ɗan'uwanka amana ce a hannunka. A daina watsa hotunan iyali da yara. A sanya wa waya lokacin ajiyewa a cikin gida. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ɗan Nijeriya ikon ƙin a yi masa talla da bayanansa. Mu san wannan haƙƙi, mu neme shi.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira.