Dutsen Niƙa Ya Girmi Gona

A shekarar 1985 masana biyu 'yan Amurka, Boyd Eaton da Melvin Konner, suka wallafa maƙala suna cewa jikin ɗan Adam bai gama sabawa da abincin noma ba. A 2002 Loren Cordain ya mayar da batun littafi mai suna The Paleo Diet, daga nan magana ta bar hannun masana ta koma ta 'yan kasuwa. Ƙa'idar ita ce a ci nama da kifi da ƙwai da ganye da 'ya'yan itace, a ƙaurace wa hatsi da wake da madara, wai don mafarautan farko ba su san su ba sai da aka fara noma, kimanin shekaru 10,000 da suka wuce.

A kan wannan da'awa aka ɗora ginin duka, kuma ba ta da tushe. A kogon Ngalue da ke Mozambik, binciken da Julio Mercader ya wallafa a 2009 ya gano burbushin dawar daji a jikin kayan aikin dutse masu shekaru kusan 100,000. A Ohalo, bakin tafkin Galili, mutane suna niƙa sha'ir na daji tun shekaru 23,000 baya. Ashe kakan da ake fakewa da shi don a haramta tuwo, shi ma da hatsi ya san duniya.

Sannan wane kakan ake nufi? 'Yan Hadza na Tanzaniya, waɗanda wasunsu har yau farauta da tsince-tsince ke ciyar da su, suna dogaro da saiwoyi da 'ya'yan kuka da zuma mai yawa, nama kuwa sai ranar da kibiya ta yi sa'a. 'Yan Inuwit na yankin ƙanƙara sun rayu a kan kifi da kitsen dabbobin teku. Kowa abin da ƙasarsa ta ba shi ya ci. Jiki ma bai tsaya cak ba: Fulani da yawa na narkar da ɗanyar madara har tsufa saboda sauyin gado da ya bazu bayan an fara kiwo.

Gaskiya ne masu bin tsarin kan rage ƙiba. Duk wanda ya bar lemon kwalba da biskit da sukari zai ga canji, ko bai taɓa jin labarin kogo ba. Ɓarnar tana wajen abin da ake zubarwa tare da su. Wake da hatsin da ba a cire masa dusa ba suna cikin abincin da bincike ya daɗe yana dangantawa da raguwar ciwon zuciya da ciwon sukari, alhali a 2015 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jan nama cikin abubuwan da mai yiwuwa suna haddasa cutar. Ma'aikacin da ya ture tuwon dawa da wake ya rungumi nama safe da yamma ya ƙara wa aljihunsa nauyi, bai sayi lafiyar da aka yi masa alkawari ba. Naman ma na san da aka turke ne aka ɗura masa dusa da ƙuli, wanda kitsensa ko kusa bai yi kama da na barewar da maharbi ya wuni yana bi a ƙafa ba.