Bayan "Allah Ya Isa", a Ɗauko Biro

Jama'ar Ƙofar Nassarawa, iyaye da 'yan'uwa, kun tuna Juma'ar 1 ga Nuwamban 2024? Ranar ce aka jera yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, da yawansu 'ya'yan Kano, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Wata uku suna tsare. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu, haƙarƙari duk a waje, sannan aka yanka wa kowa belin naira miliyan 10! Da ƙasa ta ɗauki kuwwa, Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya karɓe fayil daga hannun 'yan sanda, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, ranar 5 ga wata kotu ta kori ƙarar.

Waɗancan kyamara ce ta fitar da su. To ɗan gidanku da aka ɗauke da tsakar dare fa, wa zai ɗauki hotonsa?

Mun saba, in an zalunce mu, mu ce "Allah ya isa" mu koma gida mu haɗa kuɗin beli. Addu'a makami ce, amma ba ta hana mu rubuta koke ba. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya muddin akwai kotu a tazarar kilomita 40. Mu da daga bakin ƙofa ake takawa da ƙafa zuwa kotunan majistare na Gidan Murtala! Sashen ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama uwa ko mata a madadin wanda ake nema, ta haramta kama mutum saboda bashi ko saɓanin ciniki. Dukan mutum don ya amsa laifi kuwa, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25.

Inda aka fi cin amanar talaka shi ne a kai shi kotun da ba ta da hurumin sauraron laifin, a tura shi Kurmawa ko Goron Dutse, a ce ana jiran shawarar lauyan gwamnati. Mai gabatar da ƙara ya ce shaida bai zo ba, a ɗage. Fayil ya yi ɓatan dabo, a ɗage. Azumi ya zo ya wuce, wani ya sake zagayowa. Kada wani ya ce 'yan daba da masu ƙwacen waya nake karewa; kowa ya san ta'asarsu. Amma duk lokacin da aka ɗaura wa marar laifi jakar tsaba, ai mai laifin yana nan yana yawo da wuƙarsa.

Don haka ku rubuta. Ranar kamu, lokaci, sunan caji ofis, sunan jami'in, abin da aka karɓa da wanda ya gani. Ku kai wa Kwamishinan Shari'a a Sakateriyar Audu Baƙo, domin sashe na 211 na Tsarin Mulki ya ba shi ikon karɓe ƙara ko janye ta. Ku aika kwafi ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Tallafin Shari'a, ya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a Babbar Kotu.

Masu unguwa, limamai, ɗaliban lauya na Jami'ar Bayero da ke lungunanmu: ku ware yammaci ɗaya a mako, ku shimfiɗa tabarma, ku rubuta wa tsohuwar da ba ta iya boko ba. Kuma kada wanda ya baro ofis sai an buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa.