Gardama A Kan Sauya Kamannin Mutanen Hikaya



Kwanan baya, bayan sallar lisha, na ratsa ta unguwar Zaitawa a nan cikin birni, na iske samari sun yi cincirindo a ƙofar wani zaure, gardama ta yi zafi har wani ya tuɓe hula. Na zaci zancen ƙwallo ne ko na siyasa. Da na kasa kunne, ashe a kan aljannun Turawa ake yi. Na yi dariya na wuce. Amma da na kwanta na juya abin a raina, sai na ga mas'alar ta fi ƙarfin dariya, gama ta taɓa amanar littafi, ta kuma taɓa ciniki.

Ga asalin maganar. Wani malamin jami'a a Ingila, Tolkin, ya wallafa wata doguwar hikaya mai suna The Lord of the Rings a 1954 da 1955, cike da sarakuna da wadanni da wata al'umma mai tsawon rai mai kama da aljannu. Ya rasu a 1973. A 2017 kamfanin Amazon ya sayi izinin yin wasan kwaikwayo daga labarun nan, aka ce a kan wajen dala miliyan 250. Da wasan ya fito a 2022, sai ga baƙin mutum cikin aljannun, ga kuma baƙar mace a matsayin gimbiyar wadanni. Nan ƙura ta tashi. A 2023 kuma kamfanin Disney ya sāke yin sinimar 'yar ruwa, labarin da Hans Andasin mutumin Danmak ya wallafa a 1837, ya ba wata baƙar Ba'amurkiya, Halle Bailey, matsayin 'yar ruwan. Masu son littattafan suka rabu biyu. Wasu suka ce an ci amanar mawallafi, wasu suka ce duniya ta kowa ce, ya kamata ɗan baƙar fata ma ya ga mai kama da shi a majigi.

Cikin masu ƙin nan akwai waɗanda hujjarsu ba ta da ƙafa. A 1989 wannan kamfani na Disney ya juya ƙarshen labarin Andasin ɗungum: a littafi 'yar ruwa ba ta sami ɗan sarki ba, jikinta ya narke ya zama kumfar teku, a majigi kuwa aka ɗaura musu aure aka yi biki. Ba a yi wani tashin hankali ba. Wanda ya haɗiye wannan, sa'an nan launin fata ya shaƙe shi, to, ba littafi yake kārewa ba. Malamai kuma sun san Antara ɗan Shaddadu, ma'abucin ɗaya daga Mu'allaƙai, baƙi ne, uwarsa Bahabashiya. Da Misirawa suka yi sinimarsa a 1961, Faridu Shauƙi suka shafa wa baƙi a fuska ya fito, alhali ga baƙaƙe birjik a ƙasar Nuba da Sudan.

To, amma kafin mu tsoma baki a rigimar wasu, mu duba taskarmu. A 1933 Dokta Rupert East na Ofishin Fassara a Zariya ya sa gasar rubuta littattafan hira, inda aka sami Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Duk wanda ya karanta Maƙamatul Hariri a gaban malaminsa, in ya ga yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ke ta gamuwa gari gari suna yi wa juna wayo, zai ji ƙanshin Abu Zaidu. Sa'an nan aka zo kan Magana Jari Ce, littafi uku, daga 1937 zuwa 1939. Masana sun bi sawun labarunsa, sun iske wasu daga Alfu Laila, wasu daga Kalila wa Dimna, wasu daga tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan'uwa Girim. Shi kansa akun nan baƙo ne. A wani tsohon littafin Hindu, wanda Farisawa suka juya da sunan Tutinama, wani falke ne ya yi tafiya ya bar matarsa, aku ya dinga riƙe ta da labari kowane dare don kada ta fita wurin wani namiji. Imam ya ɗauke matar ɗungum, ya sa Musa ɗan Sarki Abdurrahman a gurbinta, fitar da ake tsoro ta zama fita zuwa yaƙi, da makircin Waziri a bayanta. Watau mace ta koma namiji, Bahindiya ta koma Bahaushe. Turawan nan da ke kuka ba a yi musu rabin wannan ba.

Har wa yau ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa, na 1951. Yara nawa suka girma suna zaton Iliya ɗan ƙasar nan ne? Jarumin Rashawa ne, Iliya Muromes, Sarki Waldima na birnin Kib kuwa Baladimir ne na Kiyef. Saboda haka Bahaushen da ya ce haramun ne a sauya wa mutumin hikaya kamanni, sai ya fara kwashe rabin kantar littattafansa tukuna.

Duk da haka akwai bambanci, kuma a nan ne na ga masu ƙi suna da 'yar gaskiya. Imam ya tsoma labarin a karofi ya rinu har cikin zare, kamar turkuɗin Ƙofar Mata: suna, da gari, da sarauta, da abinci, da karin magana, duk suka koma namu, kāna ya ba littafin sabon suna. (Laifinsa guda, a ganina, shi ne bai bayyana a cikin littafin inda ya ɗebo kowane labari ba, sai da na baya suka sha wahalar bincike.) Kamfanonin nan kuwa ba sa barin tsohon suna, domin sunan shi ne jarin. Fatake sun fi kowa sanin wannan. In lambar turmin atamfa ta karɓu a kasuwar Kantin Kwari, lambar ce ke sayar da shi, wanda kuwa ya sauya zane ya bar lamba, dole mai saye ya yi magana. Ba tausayin baƙar fata kaɗai ke motsa su ba, sun ƙirga masu kallo a Afirka da Amurka da Barazil, sun ga riba.

Mu a zaure muna da tsari tun dā. Akwai matani, akwai sharhi, akwai hashiya, kowanne da mazauninsa a takarda, mai naƙali ba ya cusa nasa cikin na mawallafi. Ibnu Mahibu ya yi wa Ishiriniyar Alfazazi tahamisi, ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti, ba wanda ya zarge shi, gama baitin asali na nan ba a taɓa ba, kuma an san wanda ya yi ƙarin. Wasan majigi, in an lura, sharhi ne. Littafin Tolkin na nan a kanti, ko wasali ɗaya ba a goge ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a zauren nan na Zaitawa, yaron da ya fi ɗaga murya wajen goyon bayan baƙin aljani, shi ne kuma ya fi zafi da aka ambaci sinimar Amina. A watan Nuwamba na 2021, kamfanin Netflix ya nuna wasan Sarauniya Amina ta Zazzau wanda Izu Ojukwu ya shirya. Galibin maganar da Ingilishi aka yi, wadda ta fito a Amina ba daga cikin 'yan wasan Hausa take ba, ko da yake Ali Nuhu na ciki, tufafin kuma mutanen Arewa da yawa suka ce ba su san su ba. Aka yi ta ƙorafi. Abokansa suka ce masa, to, ka ji abin da Bature ya ji. Ni kuwa na ce ba ɗaya ba ne. Aljanin Tolkin ba shi da zuriya, ba wanda ya taɓa ganin launinsa. Amina kuwa Tarihin Kano ya ambace ta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, ga ganuwa ana jingina mata, ga Zazzagawa da ransu. Wanda ya sauya almara ya sauya abin nishaɗi, wanda ya sauya tarihi yaro zai haddace kuskuren ya ɗauka gaskiya ne.

Wannan gardama kuwa tana tafe gidanmu. An riga an mai da Shaihu Umar sinima a 1976, aikin Adamu Halilu, gidan talbijin na Kaduna kuma ya yi wasan Magana Jari Ce a shekarun 1980, da marigayi Ƙasimu Yero cikin 'yan wasa. Ran da wani attajiri ya zuba kuɗi don a sāke su, za a tarar da bayi da fataucinsu a Shaihu Umar, a tarar da ba'ar da ake yi wa baƙauye a littattafan Imam, a tarar mata ba su cika samun bakin magana ba. Wani zai ce a cire, wani zai ce a bari. Ra'ayina, mai shirya wasa ya ƙara wa mata magana in ya so, ya rage ba'a in ya ga dama, amma ya rubuta a farkon majigin cewa shi ya yi, ba Imam ba. Zancen bayi kuwa kada a taɓa shi, domin Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa a kansa ya gina labarin tun daga satar yaron har tafiyar uwarsa neman sa a hamada.