Zuwa Ga Malaman Tauhidi Na Zaurukan Agege



Ni ɗalibinku ne. A wani zaure na Zangon Agege na haddace siffofi ashirin, tun ban san me ake nufi da wujudu ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani yaro da na gani a wata Islamiyya. Ya tambayi malaminsa, kafin Allah ya halicci komai, shin "babu" ce take nan? In tana nan, wa ya yi ta? Aka daka masa tsawa, aka ce ya tuba. Ya yi shiru, amma na san da dare wayarsa zai tambaya, kuma waɗanda za su amsa masa a can ba su damu da imaninsa ba.

Na san hujjarku. Ya inganta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda Shaiɗan ya kai shi ga tambayar wa ya halicci Ubangiji da ya nemi tsari ya dakata. Wannan maganin waswasi ne, kuma magani ne na gaskiya. Sai dai yaron Ikko na yau ba waswasi kaɗai ke damunsa ba. Shubuha ake kawo masa a shirye, da sunan kimiyya. A 2012 wani masanin kimiyya na Amurka, Lawrence Krauss, ya fitar da littafi yana cewa duniya za ta iya ɓullowa daga babu, ba tare da mahalicci ba. Gutsattsarin wannan magana ne ke yawo a wayoyin 'ya'yanmu.

Amsar kuwa tana cikin littattafan da ke gabanku. Ummul Barahin ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, da hukuncin hankali ta fara: wajibi, mustahili, ja'izi. Roƙona shi ne ku sauko da waɗannan kalmomi zuwa Hausar da yaro ke ciniki da ita.

Ku fara da kalmar "babu" kanta. In mai goro ya ce maka babu, ai rumfar tana nan, huhun yana nan, shi ma yana nan. Goron ne ya ƙare. Irin wannan babu ce ta Krauss: sarari ne wanda ba ƙwayoyin zarra a cikinsa, amma yana da ƙarfi, yana da dokokin da yake bi. Abin da ke da doka da ƙarfi kuwa akwai shi. Har wani masanin falsafa ɗan ƙasarsu, David Albert, ya ƙalubalance shi a kan wannan gaɓa a shekarar da littafin ya fito. Rashi tsantsa, wanda malamai ke kira adamu, ba wuri ba ne, ba duhu ba ne, ba shi da wata siffa da zai haifi wani abu da ita. Don haka ba a tambayar wa ya yi shi.

Sannan ku kai yaron abbatuwar Oko-Oba. Mahauci ya karɓi saniya bashi daga dillali, dillali ya karɓa daga fatake, fatake sun karɓa daga wani. In kowa aro ya yi, kuma babu mai saniyar na asali, to wane nama ake yankawa? Samuwar kowannenmu aro ce: da can ba mu, yanzu ga mu, gobe mu tafi. Dole jerin ya tuƙe ga wanda samuwarsa tasa ce, ba a ba shi ba. Shi ne Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kira Wajibul Wujud. Amma ku gaggauta gaya wa yaron cewa misalin a kan halitta ya tsaya, domin Allah ya saɓa wa dukkan fararru.

Akwai kuma wani ramin a ɗaya gefen. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an yi wasu ɗalibai masu tare talakawa da tambayoyin ilmul kalam, wanda ya kasa kawo dalili su kafirta shi. Shehu ya yi ta rubuce-rubuce yana yaƙar wannan ɗabi'a, yana kare imanin gama-garin Musulmi. Saboda haka tsohuwar da ke sallarta cikin natsuwa, a bar ta. Dalili na wanda tambaya ta hana barci ne.

Kuma in tambaya ta fi ƙarfin malam, ba abin kunya ba ne ya ce bari in duba. Ga Markaz nan kusa da mu, wadda Shehu Adamu Al-Ilori ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ya dawo da ita Agege. A cikin malamanta da namu ba za a rasa wanda ya karanci manɗiƙi ba.

Yaron nan har yanzu yana zuwa makaranta, yana zama a sahun baya. Ina roƙon malaminsa ya kira shi bayan la'asar.

Wassalam, ɗalibinku.