FILIN MATA: Almakashi A Cikin Waya

 A wannan mako za mu yi magana a kan tace bidiyo, watau gyara hoton da kika ɗauka da waya kafin ki nuna wa jama'a. Da yawa cikinmu sukan ɗauka wannan aikin 'yan fim ne kaɗai. Ko kusa. Duk macen da ta iya yanka yadi ta haɗa riga, ta riga ta san rabin aikin.

A zamanin majigi, fim doguwar igiya ce ta hotuna, guda 24 suna wucewa a kowace daƙiƙa. Da almakashi ake yanka ta, a liƙa wani yanki da wani. A Amurka mata da yawa aka ɗauka wannan aiki tun farkon sinima, don ana ganin ya yi kama da ɗinki. Wata mai suna Margaret Booth ta fara a 1915, har ta shugabanci masu tace fim a kamfanin MGM kusan shekara 30. Wata kuma 'yar Ingila, Anne Coates, ta ci lambar Oscar saboda tace fim ɗin Lawrence of Arabia na 1962. To, yau almakashin nan yana cikin wayarki, a manhajoji irin su CapCut da InShot da KineMaster.

Mu ce kina yin alkaki na sayarwa, kina so ki nuna wa masu ciniki. Ga yadda za ki bi.

Na ɗaya, kada ki goge bidiyon asali sai kin gama aiki kin gamsu. Tela mai hankali ba ya zubar da ƙyalle sai riga ta zauna a jikin mai ita.

Na biyu, zauna ki kalli abin da kika ɗauka daga farko har ƙarshe. Riƙe takarda da fensir, ki rubuta wuraren da suka yi kyau da waɗanda za a zubar.

Na uku, datse kai da gindi. Farkon bidiyo yawanci hannu na rawa, ƙarshensa kuma waya ta kalli ƙasa. In kin sa bidiyon a manhaja za ki gan shi a shimfiɗe a ƙasan allo kamar tsirin yadi. Taɓa shi, ki ja bakinsa ciki, daga hagu da daga dama.

Na huɗu, cire na tsakiya. Akwai wani layi a tsaye bisa tsirin, shi ne bakin almakashinki. Kai shi inda ɓarna ta fara, ki raba. Kai shi inda ta ƙare, ki sake rabawa. Sai ki taɓa yankin da ke tsakani ki goge. In kin yi kuskure, akwai kibiya mai lanƙwasa da ke mai da ke baya.

Na biyar, jera yankunan yadda labari zai tafi: kwaɓi, naɗi, suya, tsomawa a zuma ko sukari, sa'an nan alkaki a faranti. Ba mai zama ya kalli mai yana zafi. Daƙiƙa uku zuwa biyar sun ishi kowane yanki, aikin yini guda ya koma minti ɗaya.

Na shida, kula da sauti. Mutane sukan jure hoto mai ɗan duhu, amma ba sa jure ƙarar janareto da kukan yara. Rage sautin asali, ki shiga ɗaki shiru ki ɗora muryarki a kai. In za ki sa kiɗa, kada ya danne magana. Ki sani kuma waƙar wani tana da mai ita, YouTube da Facebook sukan toshe sautin bidiyo ko su hana shi fita saboda haka.

Na bakwai, rubutu ya zama gajere: sunan kaya da kuɗinsa. Bar shi a allo gwargwadon yadda za ki karanta shi sau biyu. Su walƙiya da juye-juyen hoto kuwa kamar gishiri suke a miya, kaɗan ya isa.

Na takwas, wajen fitar da shi, bidiyon tsaye shi ya dace da WhatsApp da TikTok, na kwance kuma da talabijin. Lamba 1080 ta fi fitowa tas, 720 ta fi sauƙin data.

Saura babbar magana, wadda ta fi duk waɗannan. Almakashin nan amana ce. A wurin biki ko suna, a cikin gida, mata sukan saki jiki don suna tsakanin 'yan'uwansu. Wata ta ajiye mayafi, wata tana shayar da jariri, wata ta taka rawa. Ba don duniya ta gani suka yi ba. Bidiyo guda da aka watsa ba tunani yana iya jawo wa mace rigima da mijinta, ko ya sa a riƙa nuna yarinya da baki a makaranta. Saboda haka kafin ki tura, sake kallo, wannan karon ki duba bayan hoton: wa ya wuce, me ke rataye, wace magana ce ta shiga. Wadda ba ki nemi izninta ba, yanke ta. Haka lambar gida da bajon makarantar yara. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to bidiyo ya fi ta, gama ko kin goge naki, yana nan a wayar wasu.

'Yan makaranta, ku gwada da abu ƙarami, kamar yadda ake dama kunu, ku nuna wa iyayenku mata yadda ake yi. Na farko ba zai yi kyau sosai ba, amma sannu ba ta hana zuwa.

Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.